Zabbin Gwaggo Kulu a Ƙofar Malamar Koriya

Tun da na dawo daga Abuja ba a bar ni na huta ba. A bakin rijiya, a gidan suna, har a waya, tambayar ɗaya ce: "Dije, wai yaya kika ga Koriyawan? Da gaske da tsinke suke cin abinci?" Wasu ma sun ɗauka Koriyar na je na dawo cikin ƴan kwanakin nan. Na maimaita har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ƴar Dumega ce. Na gama karatun aikin gona a jami'a a Yamai, na dawo gida ina zaune. Tun a can na ji labarin akwai bursi ta zuwa Koriya, ana ɗaukar ɗalibi a ɗauke masa nauyin komai ya ƙaro ilimi. Wata da ta riga ni nema ta ce kada in ruɗi kaina, masu nema suna da yawa, kuma wanda ya nuna ya fara koyon harshensu shi ake fara dubawa. Sai na tsara abina: in koyi baƙaƙensu a waya, in samu aji na gaske in yi ƴan watanni, in zauna jarrabawa, sannan in haɗa dosiye, wato takardun nema. Baƙaƙen kam na koya, a gindin wani gawo da ke bayan gari inda rezon waya yake kamawa. Mata masu zuwa itace suna ganina ina buɗe baki ina murguɗa shi ni kaɗai, har wata ta je ta gaya wa Inna a ɓoye cewa a nema mini magani, doguwa ta taɓa ni.

Ajin ne ya gagara. Na bincika iya bincikena ban samu a ƙasarmu ba. Mafi kusa shi ne wata makaranta a Abuja, inda wata Bakoriya take koyarwa. Mutane kaɗan take ɗauka, kuma sai ta gwada mutum tukuna.

Baba bai so maganar ba ko kaɗan. Ƙaninsa, Baffana, yana da shagon taki da maganin ƙwari a Dogon Dutsi, kuma tun ban gama karatu ba suka yanke cewa ni zan riƙe shi. Na yi ta roƙo, na sa Inna ta sa baki, ranar nan dai ya kira ni rumfa ya ce:

"Tahiya guda na ba ki. Yaya Kulu za ta kai ki. In sun ɗauke ki, kuma ta ga wurin ta ce ya yi, ki zamna. In ba haka ba, ki komo ki kama shagon Baffanki, kada in sake jin Koriya cikin gidan ga."

Yaya Kulu ita ce Gwaggona, yayar Baba. Tun ban zo duniya ba take fataucin wake da zogale tsakanin nan da Nijeriya, babu tashar da ba a san muryarta ba. Abin da ta faɗa a gidanmu ya zauna, Baba kansa ba ya tsallake shi. Na yi murna da ita za a haɗa ni, don na san hanya ba za ta ba mu wuya ba. Murnar ta tsaya ne da safen tafiya, da na fito na tarar da ita a ƙofar gida da wani babban kwando an rufe shi da raga, abu yana motsi a ciki. Zabbi ne guda shida, ƙosassu, daga cikin nata na kiwo.

Na ce, "Gwaggo, mi za mu yi da zabbi?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke tun da anka kai ki lakwal karatun boko hankalinki ya bi iska. Wa kinka taɓa gani an kai ma malami ɗiya hannu sake? Amana za ni ba ta. In ta amshi zabbi, ta amshi amana. In ba ta ci namu ba, ina za ta san zahinki?"

"Gwaggo, su hwa ba irinmu ba na."

"Ba mutane ba na? Ba su da baki? Ɗauki kwando mu tahi."

Haka na ɗauka. A raina ina cewa in mun isa zan san dabarar da zan yi.

Moto biyu, wato babura, muka hau zuwa bakin iyaka, kwando ɗaure a bayan na Gwaggo, zabbi suna ta ihu duk ramin da aka faɗa. Ni da ban taɓa tsallakawa ba, na shirya takarduna tsaf cikin leda, ina jiran a yi mini tambayoyi masu wuya. Wani jami'i ya karɓa, ya juya su sau ɗaya, ya miƙo mini, idonsa yana kan kwando.

"Hajiya, ina takardar rigakafin tsuntsayen nan?"

Wallahi na ɗauka wasa yake. Da na ga fuskarsa a ɗaure, sai na fara bayani, Faransanci yana kufce mini don haushi. Gwaggo ta take mini ƙafa da ƙarfi, ta zura hannu cikin raga, ta zaro zabuwa ɗaya ta miƙa masa tana tambayar lafiyar iyali. Nan take takardar rigakafi ta daina zama dole. Har da yi mana addu'ar sauka lafiya. Na bi Gwaggo baki buɗe, ita ko a jikinta.

Motar da ta kai mu Birnin Kebbi ƙarama ce, amma an cusa mu kamar buhunan gero, har direba yana raba kujerarsa da wani. Ni a wurinmu ma ana lodi, sai dai ban taɓa ganin direba yana tuƙi rabin jikinsa a waje ba. Da na buɗe baki na yi magana, wata mata da ke kusa da ni ta kwashe da dariya ta ce, "Ƴar Nijar ce!" Daga nan kowa ya sa mini ido, sai in ce "mi" su maimaita, alhali su ma mutanen Kabi kusan haka suke faɗa. A tashar Birnin Kebbi ne aka yi ta biyu. Wajen sauke kaya raga ta zame, wani zabo ya yi fir ya haye kan wata mota. Tasha ta kaure, ƴan kamasho da masu rake da masu shayi duk suka bi shi, Gwaggo tana tsaye tana ba da umarni kamar ita ta ɗauke su aiki. Wani dogo ya cafke shi ta ƙarƙashin tebur. Na ce alhamdulillahi. Sai na ga ya saƙale shi a hammata, ya ɗaga mana hannu daga nesa, ya bi ta lungu. Na tsaya ina jiran ya dawo, har Gwaggo ta ce in daina wahalar da idona.

Daga nan zuwa Kwantagora shingayen hanya sun fi ƙarfin lissafina. Wasu da kaki, wasu da riga mai ƙyalli, wasu ba ka san ko su wane ne ba, sai katako mai ƙusoshi a gabansu. Direba yana miƙa hannu ta taga ana ɗaga mana, har muka zo wani inda mai shingen ya ji kukan zabbi a but. Ya ce a buɗe. Ya ce ana cutar tsuntsaye, dole a riƙe kwandon gaba ɗaya. Gwaggo ta fita, suka koma gefe, ina hango ta tana tafa hannu tana dariya. Ta dawo da kwando, ya rage nauyi. Wannan karon ban ce komai ba, ƙafata tana tuna mini.

A Kwantagora muka kwana, gidan wata mai abinci ƙawar Gwaggo, don direbobi sun ce ba a bin sauran hanyar sai da rana. Matar nan ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta ba mu ɗakinta ita ta koma na kaya. Ta kawo mana teba da wata miya mai yauƙi. Na yanko loma na sa a baki na fara taunawa, sai tsami ya cika mini baki, abu ya ƙi tafiya gaba ya ƙi dawowa baya. Ta ce ai ba a tauna shi, haɗiyewa ake yi. Na ce a raina, abincin da ba a taunawa me ya bambanta shi da magani? Na ci don kunya, ina kewar tuwon geron Inna. Da safe Gwaggo ta zaɓi zabuwa mafi ƙiba ta ba ta. Wannan kam ban ji haushi ba, ta cancanta. Saura biyu.

Abuja ta ruɗa ni, ba zan ɓoye ba. Yamai da nake taƙama da ita sai ta koma mini kamar Tibiri, ɗan garin da ke kusa da mu, ranar da ba kasuwa. Titi a sama, titi a ƙasa, motoci suna gudu kamar an biyo su, in za ka tsallaka sai ka hau gada. Abin da ya fi kaɗa ni shi ne ba mai gaida kowa. Na gaida wata dattijiya a mota har da ɗan rusunawa, ta janye jakarta ta rungume. Mun sauka a bayan gari, wajen Mararraba, ɗakin matar wani ɗan garinmu mai aikin gadi. Gida ɗaya ƙabila ta fi biyar, kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, ruwa kuma saye ake yi ko na alwala ne. Zabbin nan biyu aka ɗaure su a bayan ɗaki, maƙwabta suna ta zuwa tambayar ko na sayarwa ne.

Ranar gwaji na durƙusa har ƙasa na roƙi Gwaggo ta bar su a gida, in an ɗauke ni sai mu kai daga baya.

Ta ce, "Daga baya? Ke wace irin ɗiya ta? Sai an gama miki aiki sannan ki gaida mutum? Ai wannan biya na, ba girmamawa ba."

Ta rufe kwandon da sabon zane, ta ɗora a ka. Mai gadin makarantar ya ɗauka kayan abinci ne ya bar mu muka wuce. Ajin yana can saman bene. Na nuna mata akwatin ƙarfen nan da ke hawa da mutane, ta leƙa ciki, ta ga ƙofa ta rufe da kanta ta haɗiye wasu mutum biyu, ta ce ita ba da ita ba. Da ƙafa muka hau, tana haki, kwando a ka.

A bakin ajin takalma ne jere, kowa sai ya cire. Gwaggo ta ce, "To, ashe sun san ladabi." Muna shiga sai ga malamar. Sunanta Malama Yun, ƴar ƙarama, gashinta a yanke duk furfura, ba ɗankwali. Tana ganin Gwaggo ta haɗa hannuwa a ciki ta sunkuya kamar mai ruku'u. Gwaggo ta ja da baya ta ce, "Subhanallahi! Ce mata ta tashi, ni ba kowa ba ta." Akwai wani mataimakinta, Malam Sunusi, magidanci ɗan Zariya da ya yi shekaru a Koriya, shi yake fassara, don Turancina na Ingilishi bai wuce gaisuwa da ƴan kalmomi ba. Ya ce gaisuwarsu ke nan. Sannan ya ce Malama tana tambaya, shekarun Hajiya nawa?

Na ji kunya ta rufe ni. Ko gajiya ba a tambaye mu ba, ko mutanen gida, sai shekaru? Gwaggo ta ce ita ba ta ƙirga ba, amma shekarar da fara ta cinye gero tana da wayo. Malam Sunusi ya yi dariya ya ce su sai sun san wa ya girmi wani kafin su san yadda za su yi masa magana. Aka dai daidaita cewa Gwaggo ce babba. Nan da nan Malama ta ja mata kujera, ta kawo mata wani shayi da hannu biyu, kai a sunkuye. Shayin ba sukari, ɗanɗanonsa kamar ruwan ƙanzo, amma Gwaggo ta shanye tas, na ga alamar matar ta fara shiga ranta. A gefe akwai ɗan abin taɓawa da aka ajiye wa baƙi, da tsinkayen nan da kuke ta tambaya. E, da su suke ci. Na ɗanɗana wani kabeji ja, mai tsami da yaji da warin abin da ya kwana biyu, hawaye suka zubo mini. Malam Sunusi ya ce da gangan ake barinsa ya yi tsami, kuma ba sa cin abinci sai da shi. Na tuna mu ma muna da daddawa.

Masu neman ajin sun cika ɗaki, yawancinsu ƴan birni, wasu har suna gaisawa da Koriyanci. Da lokaci ya cika Malama ta dubi agogo ta rufe ƙofa. Ko zama ba ta yi ba wani mutum ya ƙwanƙwasa, babba, da babbar riga da makullin mota a hannu. Ta buɗe, ta sunkuya masa, ta ce ya makara, ta mayar ta rufe. Aka bar mutumin nan a waje da girmansa. A wurinmu ko taron biki aka ce da hantsi, wanda ya zo da azahar ma ya yi sauri.

Malam Sunusi ya ce ƴan rakiya su fita za a fara. A nan ne Gwaggo ta miƙe. Na kama bakin zanenta, ta fizge. Ta ɗauki kwando ta kai gaban tebur, ta yaye rufin. Zabbin da suka yi shiru tun safe suka ga haske, suka ɓarke da kuka, ɗaki ya ɗauka.

Ta ce, "Malam, gaya mata. Wagga ɗiyar ƙanena ta, daga Arewa ta Nijar munka taho. Na kawo mata ita amana. Ta duba ta kamar tata, in ta yi ba daidai ba ta hore ta. Ga ɗan abin miya, shida munka ɗauko, hanya ta ci saura. Ta yi haƙuri da kaɗan."

Wasu suka fara dariya, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Ni da ƙasa za ta tsage da na shige. Malam Sunusi ya fassara. Ina kallon fuskar Malama, murmushinta ya ɗauke, ta yi ja har kunne. Ta mayar da hannuwanta baya, ta ja da baya kamar an miƙa mata garwashi. Ta yi magana gajeriya.

Malam Sunusi ya ce, "Hajiya, ta gode ƙwarai, amma ba za ta karɓa ba. A ƙasarsu malami ba ya karɓar kyauta daga wanda zai yi wa gwaji. Laifi ne babba."

Gwaggo ta yi dariya. "Kunya ta. Ce mata ta bar kunya, mun zama ɗaya." Ta tura kwandon ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta juya za ta fita.

Sai Malama ta durƙusa da kanta, ta jawo kwandon, ta ɗauke shi da hannu biyu, ta bi Gwaggo har ƙofa, ta sa mata shi a hannu, ta sunkuya. Tun da nake ban taɓa ganin an mayar wa babba kyauta a hannu ba, ko maƙiyi ne sai dai ya karɓa ya ba wani.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Malama ta juyo wurina ta yi magana a hankali, Malam Sunusi yana fassarawa ba ya son haɗa ido da ni. Ta ce tun da abin ya faru a gaban kowa, ba za ta gwada ni a wannan karon ba. In na ci, za a ce zabbi ne suka ci, in na faɗi, zan ce don an ƙi kyautarmu ne. Na haɗa Hausa da Faransanci da guntun Ingilishi ina roƙo, ina cewa tafiya ɗaya aka ba ni, ba ni da wata. Ta saurare ni har na gama, idonta ya kawo ruwa, ta faɗi kalma ɗaya. Na gane ta, kalmar ban haƙuri ce, na sha maimaita ta a gindin gawo. Ita ce Koriyancin farko da na fahimta daga bakin mutum mai rai, kuma da ita aka kore ni.

A ƙasan bene na zauna na yi kuka mai isata. Gwaggo ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Share hawayenki. Gaban mutane na ta ji nauyi. Ni na yi kuskuren wuri, irin wanga a keɓe aka ba da shi." Na ce don Allah ta bari haka nan, ta ce in rufe mata baki. Da Malam Sunusi ya sauko ta tare shi, ta ce to shi ya karɓa ya kai mata gida. Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri, a nan nake cin abinci."

Muka zauna a inuwar katanga har la'asar. Ɗalibai suka watse, mai gadi ya shiga salla, wuri ya zama ba kowa. Sai ga Malama ta fito ita kaɗai, a ƙasa, tana rataye da jakarta. Gwaggo ta tare ta a wani lungu tsakanin katanga da motoci, ta waiga dama ta waiga hagu, ta nuna mata da hannu cewa ba mai gani, ta miƙa kwando. Har da kashe mata ido. Malama ta dubi kwandon, ta dubi Gwaggo, ta girgiza kai. Gwaggo ta zaro zabuwa ɗaya, wai ko guda ce ta riƙe. Ta sake girgiza kai. Sannan ta kama hannun Gwaggo da nata biyu ta riƙe, ta juyo gare ni ta yi Ingilishi a hankali yadda zan gane: akwai wani aji bayan girbi, in zo a gwada ni kamar kowa, kada in riƙo komai sai abin rubutu. Ta sunkuya, ta tafi.

Na fassara wa Gwaggo. Ta tsaya da zabuwa a hannu tana bin matar da kallo har ta sha kwana.

Bayan girbi! Ni da aka ba tafiya ɗaya, me bayan girbi zai yi mini? Dawowarmu ba ta da daɗin faɗa. Ina fushi da Gwaggo fushin da ban taɓa yi da babba ba, ina amsa mata da "to" kawai in ta ce in matsa. Ita ma ta yi gum, matar da ba ta iya rufe baki a mota, ko ciniki ba ta yi ba a tasha. Na tabbata zagin Koriyawa take tarawa ta juye wa Baba. Zabbin biyu ba su ga gida ba, kafin mu kai iyaka masu shinge sun raba mu da su, Gwaggo tana miƙawa ba ko gardama. Ni kuwa duk hanya ina ganin kaina a bayan kanta a Dogon Dutsi, ina auna taki da tiya har in tsufa.

Mun iso da yamma, Baba yana rumfa. Aka gaisa, aka sha ruwa, ya ce, "To, Yaya, ya kunka ƙare?" Na zauna a bakin tabarma kaina a ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Ba su ɗauke ta ba. Kuma ni na ja."

Ta kwashe komai ta faɗa, ba ta rage ba. Da ta zo wurin mayar da kwando, Baba ya ajiye carbinsa.

"Ta maido miki? A hannu? Gaban mutane?"

"Gaban mutane, Mamman. Da girmana da hurhurata. Wallahi tun da uwarmu ta haihe ni ba a taɓa kunyata ni haka ba."

Baba ya ce, "To ai magana ta ƙare. Wanda ya ƙi naka ya ƙi ka. Dije, kin ji da kunnenki. Gobe in aika ma Baffanki."

Na buɗe baki zan ce to. Sai Gwaggo ta ce, "Ban gama ba. Bayan girbi za ta koma."

Ni da Baba muka ɗago tare.

"Yaya, ke da kinka ce ta kunyata ki?"

"Ta kunyata ni, kuma har gobe ban huce ba. Amma tun kana yaro nike bisa hanya, ban taɓa miƙa ma mutum abu ya ƙiya ba, sai dai shi ce ya yi kaɗan. Na ce ko idon mutane taka tsoro, na bi ta inda ba mai gani sai Allah. Ta ƙiya."

"To amanar hwa? Ba ta amsa ba."

Gwaggo ta jawo kwandon wofi ta dangwarar a gabansa. "Ga shi, duk an amshe, ko gashi ba a bar min ba. Cikin masu shingen da sunka amsa, nuna min wanda za ka ba ɗiyarka."

Baba ya daɗe yana kallon kwandon. Inna da ke laɓe a bakin zaure ta leƙo. Can ya ɗauki carbinsa, bai dube ni ba ya ce, "Bayan girbi anka ce?"

Na ce, "I, Baba."

"To. In gaya ma Baffanki shi nemi wani ga shago."

Ban san lokacin da na rarrafa na kama ƙafafun Gwaggo ba, ina kuka ina godiya, ina neman gafarar fushin da na yi da ita a hanya. Ta janye ƙafarta ta ce, "Kauce min, ke da malamarki duk ba ku da ta-ido. Tashi ki dama min hura, kwana nawa ban ci abincin kirki ba."

Na tashi na dama mata.